Shafin da Ban Karanta Musu Ba

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da labarina, sunana Yaima, shekarata ashirin da bakwai, kuma karatu ne sana'ata. A masana'antar naɗa taba ta garinmu nake hawa wani ɗan dandamali na katako sau uku a rana, in karanta wa mutum ɗari da tamanin jarida da littafi, su kuma hannuwansu na ta naɗa ganye. Idan abin ya yi musu daɗi sai su buga chaveta a kan tebur, wato wuƙar nan tasu mai faɗi ta yankan ganye, zaure ya ɗauka kamar ruwan sama a kan kwano. Idan bai yi musu ba, shiru za ka ji, kuma shirun mutum ɗari da tamanin ba abin wasa ba ne. Sunan garin ba zan faɗa ba, kafin ku kai ƙarshe za ku gane dalili.

Tsofaffin masu bina kun san Ayoze, mutumin tsibiran Kanariya na ƙasar Sifen, wanda ya kama hayar ɗakinmu na gaba wata biyu a bara yana neman kabarin ƙanen kakansa. Kabari dai bai samu ba, ni ya samu. Shekararsa arba'in da ɗaya, yana rubuta wa mujallu labarin tafiye-tafiye, kuma mutum ne mai kirki, har kwanon da ya ci abinci shi yake wankewa. Tun watan Janairu ya ce yana so ya aure ni ya tafi da ni, ni kuma tun watan Janairu nake ce masa ya ba ni lokaci. Kun san Mama, Migdalia, mai naɗi a layi na huɗu, wadda ta riga ta ɗaura auren a zuciyarta har ta zaɓa wa jikoki suna. Sai Osniel, mai naɗi a layi na biyu, wanda ya shekara biyu yana ajiye mini gwaiba a bakin dandamali bai taɓa buɗe baki ya ce ga abin da yake nufi ba. Wasunku sun ce in rabu da shi, mai gwaiba ba miji ba ne. Na ji, na gode.

Ranar Lahadi da rana saƙon Ayoze ya shigo, muna tsince shinkafa ni da Mama a bakin ƙofa.

"Na gama rubutun da na yi a kanku. Shafi goma sha huɗu, ƙarshen wata zai fito. Ki karanta musu a zaure. Amma alfarma ɗaya nake roƙo, kada ki duba kafin ki hau. Ina so muryarki ta gamu da shi lokaci ɗaya da kunnuwansu."

Kuskuren da na yi shi ne na karanta saƙon a fili. Kafin in ɗago kai Mama ta ture farantin shinkafa, ta leƙa ta katanga tana sanar da maƙwabciya cewa surukinta ya rubuta littafi. Na ce ba littafi ba ne, kuma ba surukinta ba ne. Ta ce duk ɗaya.

Litinin ta je wa kwamitin zaɓen karatu da kanta, su kuma suka amince ba musu, don kowa ya gaji da littafin da muke kai, wani attajiri ya yi babi shida yana mutuwa bai mutu ba. Laraba da aka kawo wuta ta karɓi wayata ta kai shagon mai buga takardu, ta dawo da shafukan a leda, ta cusa su ƙarƙashin mutum-mutumin Budurwa Maryamu da ke saman kabad, kusa da kofin ruwan da take ajiye wa mamatanmu.

"Mama, ki ba ni in duba ko sau ɗaya ne."

"Ya ce kada ki duba."

"Tsoho Evelio da na gada ya ce mai karatu ba ya hawa da abin da idonsa bai gani ba."

"Evelio ya mutu bai taɓa samun wanda ya rubuta masa ko katin gaisuwa ba. Ni ma ban duba ba, ina ce tare za mu ji? Ke dai ba ki san gata ba, 'yar nan."

Zan iya buɗewa a waya, kada ku ce ban yi tunanin haka ba. Na ɗauko ta har sau biyu ina mayarwa. Gaskiyar magana ita ce tsoro nake ji kada in tarar ya rubuta abin da zai sa in so shi, ina ni kaɗai a ɗaki ba mai riƙe ni. Na ga gara in gamu da shi a gaban jama'a.

Yau Alhamis da safe Mama ta fito cikin rigarta ruwan ƙwai mai furannin rana, ta warware gashin da ta kwana da shi a naɗe, ta fesa turaren da Ayoze ya bar mata, wanda ba ta taɓa shi sai ranar biki ko jana'iza. Ni na sa farar riga da siket ruwan bula. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce in ƙara jan baki, kada a ce matar marubuci ta yi kama da mai jinya. Muka sha kofi a tsaye, muka raba burodi ɗaya, muka hau keken doki tana rungume da ledar a ƙirji.

A nan dole in faɗa muku abin da ban taɓa faɗa ba tun da na fara wannan labari. Duk rigunan Mama masu faɗin ƙugu ne, kuma ba don ƙiba ba. Sau biyu a mako, kafin a tashi aiki, takan shiga bayi ta ɗaura ganyen taba a cikinta da tsohuwar safa, irin ganyen nan mai laushi da ake yi wa taba sutura da shi, ta wuce mai gadi yana duba jakarta yana tambayarta ciwon gwiwa. A ɗakin baya take naɗe shi ta sayar wa baƙin da suka sauka gidanmu. Da shi aka gyara rufin da guguwa ta yaye, da shi na yi jami'a. Mu a nan ba ma kiran wannan sata, cewa muke warwarewa. Mai gidan burodi yana warware fulawa, direba yana warware mai, kowa ya san na kowa. Amma abin da kowa ya sani daban, abin da aka faɗa daban. Ranar da aka faɗa, kora ce, kuma ba a tsayawa a kora, sai an dangana da kotu.

Ƙarfe goma da rabi na hau. Zaure ya cika da warin ɗanyen ganye, fankoki biyu ne kawai ke juyawa cikin shida. Ofelia, shugabar zaure, wadda ba ta cika zama jin karatu ba, ta jawo kujera ta zauna a gefen dandamali da littafinta na lissafin aiki a cinya. Mama na layi na huɗu kusa da taga, ta miƙe wuya kamar ita za a ba lambar yabo.

Shafukan farko sun tafi lafiya, har da dariya. Ayoze ya rubuta yadda ya je layin sayen kaza ya tarar ba layi, mutane a warwatse a inuwa, bai san ana tambayar waye na ƙarshe ba, ya tsaya awa biyu a bayan wani mutum da ke jiran matarsa kawai. Ya rubuta yadda mai sayar da tikiti ta ce masa "masoyina", ya yini yana tunanin ya yi farin jini, sai da yamma ya ji ta faɗa wa wani tsoho marar haƙori haka. Chaveta ta yi ta sauka a kan tebura. Da ya zo inda ya ce mu mutane ne da ba mu san baƙin ciki ba, ko wuta aka ɗauke sai mu fito titi mu yi rawa, wata tsohuwa daga layin baya ta ce, "Zafi ne ya koro mu, ɗan nan, sauro muke kaɗewa." Sai da na dakata aka gama dariya.

Raina ya fara kwanciya. Na ce a zuciyata baƙo ko da ido makaho ne, amma wannan makahon yana da daɗin baki.

A ƙasan shafi na takwas na karanta: "Akwai kalma ɗaya da in ba ka san ta ba, ba ka san ƙasar nan ba, ita ce warwarewa. Wadda ta koya mini ita kuwa mace ce da ta shekara talatin da ɗaya tana naɗa taba a layi na huɗu kusa da taga, sunanta Migdalia."

Zaure ya kaure. Ana buga wuƙa, ana juyowa ana kallonta, ita kuma ta sa hannu ta rufe baki tana murmushi. Na juya shafi.

Mai karatu idonsa yana gaban bakinsa da layi biyu, abin da ya cece ni ke nan. Kafin hayaniyar ta lafa na riga na ga safa, na ga bayi, na ga mai gadi da tambayar gwiwa, na ga ranakun, Talata da Juma'a. Har ɗakin baya ya kwatanta, da labulen da ke rufe teburin. Bai ɓoye komai ba, bai canza ko harafi ɗaya na sunanta ba. Kuma da ƙauna ya rubuta, wannan ne ya fi ci mini rai. Ya kira ta jaruma.

 Tsallakewa ba ta yiwuwa, don na riga na kira sunanta, mutum ɗari da tamanin suna jiran su ji me ta koya masa. Ofelia na kusa da ni, in ta miƙa wuya kaɗan za ta iya karantawa da kanta. Na ɗan karkatar da takardar, na kurɓi ruwa, na kafa ido a kan shafin ina bin layukan kamar da gaske, na fara faɗin abin da babu shi a ciki.

Na ce lokacin da 'yar Migdalia za ta cika shekara goma sha biyar, shekarar da kowace uwa take yi wa 'yarta biki ko da za ta sayar da gadonta, babu kuɗin hayar riga. Uban yarinyar ya hau kwalekwale don tsallaka teku shekara takwas kafin nan, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Na ce sai ta ɗauko rigar aurenta daga ƙasan akwati, ta farke ta ɗinki bayan ɗinki, ta rina ta da bawon albasa har ta koma ruwan zuma, ta yi mako uku tana ɗinkawa da hannu bayan ta dawo aiki. Na ce yarinyar ta sa rigar tana kumbure-kumbure don ba irin ta ƙawayenta ba ce, ba ta ce an gode ba ranar, kuma har yau ba ta ce ba. Na ce wannan shi ne warwarewa.

Duk gaskiya ne, ba abin da na ƙara. Muryata ta karye a wajen "har yau ba ta ce ba", suka ɗauka iya karatu ne. Na juya zuwa shafi na goma na ci gaba da nasa, labarin wasan domino da tsofaffin motoci, ban san ma abin da nake faɗa ba.

Ban taɓa jin bugun chaveta irin na yau ba. Mama ta kifa kai a kan allon naɗinta tana kuka, mata biyu suna shafa mata baya.

Da aka tashi cin abinci na zare shafi na tara na ninke shi huɗu na cusa a rigata, sannan na miƙa wa Ofelia sauran, don ƙa'ida ce duk abin da aka karanta a ajiye shi a kabad ɗin kwamiti. Ta lashi yatsa tana juyawa ɗaya bayan ɗaya.

"Takwas, goma. Ina na tara?"

"Ruwa ya zube a kai, ya lalace. Zan sake bugo shi."

"Shi ne kuwa mai daɗin." Ta dube ni ta saman tabarau, kallon ya ɗan daɗe. "Kada ki wahalar da kanki. Ɗana yana can Tenerife, tsibirin su Baturen naku, in mujallar ta fito zai turo mini, sai mu manna shafin a allon sanarwa kowa ya gani. Uwarki ta cancanta."

Ban sani ba ko gargaɗi ne ko alheri. Ofelia ta san komai, ita ma gidanta ba da albashi aka yi masa fenti ba. Amma in abu ya zo mata a rubuce, da suna da rana, ba ta da yadda za ta yi, in ta rufe ita za a buɗe.

A bakin famfo na tsakar gida Osniel ya same ni ina wanke fuska. Ya tsaya yana goge hannu da gefen rigarsa, duk yatsunsa sun rine da ganye.

"Malamar karatu, sannu da aiki."

"Yawwa."

"Baturen naki ya iya rubutu. Har bawon albasa ya sani."

"Mama ce ta ba shi labari."

"Uhm. Ni dai na je bikin, ni na ɗauko muku kujeru daga coci. Na tuna rigar." Ya rage murya. "Shekara biyu ina jin ki, Yaima. In kina karatu, hannunki na hagu yana bin layi. Ɗazu a aljihu kika sa shi."

Na ci gaba da wanke fuskata.

"Ba tambayarki nake yi ba. Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba. In akwai abin da za a kwashe daga wani ɗaki kafin wani ya zo dubawa, ina da keke, kuma ba ni da surutu."

Na so in kama rigarsa in ce, kai, shekara biyu ba ka da wata magana sai ta keke? Amma hawaye ne suka taho, na juya na ce masa na gode. Ɗaki ana iya kwashe shi, takarda ce ba ta kwasuwa.

Ƙarfe huɗu na ce wa Mama ta yi gaba, zan tsaya neman sabulu. Na zauna a benci a dandalin gari inda waya ta fi kamawa, na rubuta wa Ayoze.

"Ka cire shafi na tara."

Nan take ya amsa, da alamar zuciya har uku. "Kin karanta? Me suka ce? Ta ji daɗi?"

"Ayoze, ka rubuta sunanta. Ka rubuta ranakun. Ɗaure ta za a yi."

"Haba, ai ke da bakinki kika ce mini kowa yana yi. Ita ta kai ni ɗakin, ita ta ce in ɗauki hoton hannunta."

"Ta nuna wa ɗan gida ne, ba ta nuna wa mujalla ba."

Ya yi ta rubutawa yana gogewa, ina kallon ɗigon nan uku suna rawa. Can sai ga dogon saƙo. Ya ce ya yi nadama, bai taɓa kawo haka a ransa ba. Ya ce amma editar ta ce wannan shafin shi ne zuciyar rubutun, saboda shi ta karɓa, an riga an tsara shafuka da hoton, Litinin za a kai wa masu bugawa. Ya ce canza suna ba zai wadatar ba tunda ga hoto ga layi na huɗu, in kuma ya ce a cire gaba ɗaya ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, sun rabu da shi ke nan, shekara shida yana neman su buɗe masa ƙofa.

Sai wani saƙon ya biyo baya.

"Hanya ɗaya na gani. Suna da doka, ba a rubutu a kan dangi. In na ce mata uwar matar da zan aura ce, dole su janye, kuma ba mai ganin laifina. Amma ba zan yi mata ƙarya ba, Yaima, kin san ni. Me zan ce mata? Surukata ce, ko mai gidan da na yi haya?"

Na karanta wannan saƙo ya fi sau ashirin. Har yanzu da nake rubuta muku ban sani ba ko tarko ya ɗana mini, ko kuwa tsakani da Allah yake tambaya. Mutumin da ya tsaya awa biyu a bayan wanda ba ya kan layi zai iya rubuta haka da zuciya ɗaya. Mutumin da ya gaji da jira tun Janairu shi ma zai iya. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na kuma ji tsoronsa a karo na farko.

Na iso gida rana na shirin faɗuwa, an ɗauke wuta, Mama ta fito da murhun gawayi tsakar gida tana dafa shinkafa da baƙin wake, ga rogo da tafarnuwa, har da soyayyar ayaba, girkin ranar murna. Ba ta cire rigar ruwan ƙwai ba.

"Kin ji yadda ya san ni?" ta ce, ko jaka ban ajiye ba. "Wata biyu kawai ya yi a gidan nan, ya ga abin da ubanki bai gani ba a shekara goma. Ni ban ma tuna na ba shi labarin rigar ba. Yau za ki ba shi amsa, Yaima, na gaji da jan ran nan. Ko mai gwaibar kike jira? Ya aure ki ku dinga bin layin kaza tare har ku tsufa?"

Na ciro shafin daga rigata, ya jiƙe da gumi. Na ce ta zauna. Ta zauna a kujerarta mai lilo da ludayi a hannu, na tsaya a gabanta na karanta mata shi tun daga farko har ƙarshe, da irin muryar da nake karanta jarida. Kujerar ta daina lilo tun a layi na uku. Sannan na nuna mata saƙonninsa, ta riƙe wayar nesa da fuska tana bi a hankali, leɓenta na motsi.

Wake ya fara kamawa, ba wadda ta tashi.

"To labarin rigar fa?" ta ce. "Wa ya rubuta?"

"Ba wanda ya rubuta."

 Na zaci za ta yi kuka, ko ta zage ni don na bar ta ta yi ta godiya ga wanda bai yi komai ba. Sai ta miƙe ta sauke tukunya, ta dawo ta tsaya tana goge hannu.

"Ki ce masa a'a."

"Mama, Litinin za a buga."

"Na ji. Ni na ɗaura ganyen, ni na buɗe masa ɗakin, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Shekarata hamsin da takwas, me za su yi mini da rayuwa ba ta riga ta yi ba?" Muryarta ba ta rawa ko kaɗan. "Mutum ya ci abincina wata biyu bai gane abin da ake rufewa ba. In ya kai ki can inda ba ki da kowa, ranar da kika yi kuka a bayi, duniya za ta karanta. Ni na tura ki, ni nake janye ki. Ki rubuta masa yanzu, ina kallo."

Wata bakwai ina roƙon Allah ya sa in ji wannan magana daga bakinta. Da ta zo, ban yi murna ba. Na dubi gwiwoyinta da suka kumbura, na tuna matar layi na shida da aka kama shekara uku da suka wuce, yadda ta fito bayan wata goma sha takwas ba haƙoran gaba, ba mai gaishe ta a titi sai a ɓoye.

Na ce to. Na zauna a bakin ƙofa na juya mata baya kaɗan, na yi rubutu, na tura.

"Kin tura?"

"Na tura."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta zo ta dafa kaina, abin da rabonta da yi tun ina 'yar makaranta. Ta ce in kira Osniel gobe ya zo da kekensa a kwashe ɗakin baya, in ya so ya tsaya ya ci abinci, ta ga yaron yana da hankali. Ta koma wajen tukunya tana kankare ƙanzo, har da 'yar waƙarta.

Tana can tana waƙar yanzu haka, ina jin ta ta taga. Ba ta nemi ganin abin da na tura ba, ni kuma na goge shi daga wayar. Ku ne na farko da zan faɗa wa. Kalma biyar ce: "Ka ce mata surukarka ce."